Cheers: shekara 11 a telebijin, kuma mai cin bashi ne ya fi kowa farin jini

Ranar 20 ga watan Mayu na shekarar 2025, wani ɗan wasan kwaikwayo na ƙasar Amurka mai suna George Wendt ya rasu yana da shekara 76 a duniya. A nan wajenmu ba kowa ne ya san sunansa ba, amma can ƙasarsu jaridu da gidajen telebijin sun kwana biyu suna juyayi kamar an yi rashin wani dattijon unguwa. Mutumin nan bai yi suna da faɗa ko harbi ko tseren mota ba, irin abin da muka saba gani a finafinan Amurkawa. Shekara 11 ya yi yana fitowa a matsayin wani ƙaton mutum da ake ce ma Norm, wanda kullum in yamma ta yi zai turo ƙofar wata mashaya, ya nufi kujerarsa a ƙarshen kanta, ya zauna ya sha, ya ce a rubuta. Sunan shirin Cheers. Wani abin mamaki kuma, ranar da ya rasu ta zo daidai da cikar shekara 32 da nuna kashin ƙarshe na shirin, wanda aka yi ranar 20 ga Mayu 1993.

Mun san wasu daga cikin masu karatunmu za su ce, to mu me ya haɗa mu da gidan giya? Gaskiyarku. Giya haramun ce gare mu, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Sai dai in aka kawar da kwalabe gefe guda, abin da ya rage cikin shirin nan shago ne da mai shago, da yaran shago, da abokan cinikin da ba su fashi, da bashi, da maƙwabci mai neman cin iyaka, da abokin gasa na can gefen gari. Duk mai tebur ko mai butik ko mai sayar da tuwo a bakin tasha ya san waɗannan abubuwa fiye da marubutan shirin ma.

Ɗaki guda, ƙofa guda

Gidan telebijin na NBC ne ya soma nuna Cheers ranar Alhamis 30 ga Satumba 1982. Mutum uku suka ƙirƙiro shi: wasu ƴan uwa biyu, Glen Charles da Les Charles, da abokin aikinsu James Burrows. Wasan barkwanci ne na rabin awa har da talla, sau ɗaya a mako, kuma ana ɗaukarsa gaban jama'a da ke zaune suna kallo, shi ya sa ake jin dariyarsu cikin shirin. Wanda ya taɓa kallon wasannin ƙungiyar Yazi Dogo a Télé Sahel, ko Samanja na telebijin ɗin Kaduna, ya san daɗin irin wannan wasa, inda ka riga ka san halin kowa, kana jiran ka ga yau kuma me zai ɓallo.

Mashayar da ke cikin labarin tana birnin Boston ne, a gabashin Amurka, cikin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, sai an sauko da matakala ake shiga. Amma ainihin ɗaukar wasan ba a Boston aka yi ta ba, a zauren kamfanin Paramount ne da ke Los Anjeles, can ƙarshen yammacin ƙasar. Da farko masu shirin sun yi tunanin su kafa labarin a otal, daga baya suka ga mashaya ta fi, don wuri ne da kowa ke iya turo ƙofa ya shigo da labarinsa, attajiri ko matalauci, ɗan gari ko baƙo. A zangon farko gaba ɗaya kyamara ba ta fita daga cikin mashayar ba. Ba a nuna gidan kowa ba. Duk abin da ya faru a waje, sai dai wani ya shigo ya ba da labari, sauran su tofa albarkacin bakinsu. Ɗakin nan ne ya kasance babban wurin wasan har suka yi kashi 275.

Masu wurin da masu zama

Mai mashayar shi ne Sam Malone, wanda Ted Danson ya fito a matsayinsa. Tsohon ɗan wasan ƙwallon sanda ne, wanda Amurkawa ke kira besbol, ya taɓa yi wa ƙungiyar Boston Red Sox wasa har giya ta lalata masa sana'a. Ya daina sha, amma mashayar da ya saya tun yana cikin maye ta zame masa hanyar abinci. Wato mutum ne da ke wuni yana zuba wa wasu abin da shi ba ya iya kai wa baki. A wani kashi na zangon farko an nuna yana yawo da murfin kwalbar ƙarshe da ya sha, kamar laya. Ya ba wani aro, murfin ya ɓace, daren nan sai da ya zuba giya a kofi ya zauna yana kallonta, da ƙyar ya ture ta. Babban aibinsa na biyu neman mata, wannan kam har shirin ya ƙare bai warke ba.

A kashin farko wata ƴar boko mai dogon karatu, Diane Chambers, ta shigo da saurayinta malamin jami'a, suna kan hanyar tafiya ɗaurin aure. Ya ce ta jira shi zai je ya karɓo zobe wajen tsohuwar matarsa. Shiru, shiru, ashe ya koma wa tsohuwar zuma. Da ba ta da wurin zuwa sai ta karɓi aikin raba abin sha a mashayar da take ganin ta fi ƙarfinta. Shekara biyar aka yi ana kallon ita da Sam, yau soyayya gobe zagi, ita tana raina jahilcinsa, shi yana raina iyayinta. Shelley Long ce ta yi wannan fitowa.

Amma in da za a tambaye mu, wadda matan kasuwa za su gane tun kallon farko ita ce Carla, wadda Rhea Perlman ta fito a matsayinta. Gajeruwa ce, bakinta ya fi aska kaifi. Miji ya gudu ya bar ta da ƴaƴa huɗu, kafin shirin ya ƙare sun zama takwas, miji na biyu kuma ya mutu a wani haɗari. A Amurka mai raba abinci ko abin sha albashinta kaɗan ne, rabin rayuwarta na kan ɗan tukuicin da mai sha ya bari bisa tebur. Duk da haka Carla ba ta lallashin kowa. Ta zage ka, ta kawo maka abin da ka ce, gobe ka dawo. Mun san irinta a kowace kasuwa daga Maraɗi har Tawa, mai abincin da kowa ke kuka da bakinta amma ba a zuwa wajen wata. Sau huɗu Perlman tana samun lambar yabo ta Emmy, wadda ita ce babba a harkar telebijin ɗin Amurka, saboda wannan fitowa.

Sai masu zama. Norm akanta ne, mai lissafin kuɗin kamfanoni, amma ya fi daɗewa a zaman rashin aiki. Da ya turo ƙofa ya yi gaisuwa sai duk mashayar ta ɗauka baki ɗaya, ta kira sunansa da ƙarfi. Kusa da shi akwai Cliff, ma'aikacin gidan waya mai raba wasiƙu, babban mutum amma yana zaune gidan uwarsa, sarkin na-sani, ba abin da za a ambata bai kawo tarihinsa ba, kuma yawanci ƙarya ce. Shi wannan ba ya ma cikin tsarin farko. John Ratzenberger ya je neman fitowar Norm ne bai samu ba, zai fita sai ya tambayi masu shirin ko sun tanadi mai na-sani, don ba mashayar da ke rasa irinsa. Nan take ya gwada musu, suka yi dariya, suka ɗauke shi. A 1984 aka ƙaro Frasier Crane, likitan ƙwaƙwalwa wanda shi kansa yake bukatar likita. Kashi kaɗan aka yi niyyar ya yi, sai ya zauna har ƙarshe.

Akwai kuma wani tsoho mai zuba abin sha da ake kira Coach, mai kirki da mantuwa. Ɗan wasan, Nicholas Colasanto, ya rasu da ciwon zuciya a watan Fabrairu 1985 ana tsakiyar aiki. Ba a sa wani ya ɗauki sunansa ba. Aka ce Coach ya mutu cikin labarin ma, aka kawo wani saurayi ɗan ƙauye daga jihar Indiyana mai suna Woody ya maye gurbinsa. Woody Harrelson ke nan, wanda daga baya ya zama babban tauraron finafinai.

Littafin bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A Cheers bashin Norm shi ne abin dariyar da ba ya tsufa. Yana sha kullum, ana rubutawa kullum, ba a taɓa ganin ranar da ya zo ya share littafin ba. Sam bai taɓa korarsa ba. Wani zai ce sakarci ne, amma mu muna ganin Sam ya san abin da yake yi. Mutumin da ke zaune a wurin kowace yamma, wanda baƙo zai shigo ya tarar ana raha da shi, shi ne ke sa wuri ya zama wuri. Kujerar da ke da mai ita ta fi kujera goma da ba kowa. Mai shayin da ke da mutum biyar masu zama tun safe ya san su ne ke jawo na shida, ko da biyu daga cikinsu sai ƙarshen wata suke biya, ɗaya kuma sai ranar da Allah ya yi.

An ga bambancin a 1987. Shekarar nan Shelley Long ta bar shirin don ta shiga finafinai, mutane da yawa suka ce shi ke nan, Cheers ta mutu. Marubutan sai suka juya labarin. Diane ta tafi rubuta littafi, Sam ya yi fushi da duniya, ya sayar da mashayar ga wani babban kamfani, ya sayi jirgin ruwa zai zagaya duniya. Jirgin ya nutse. Ya dawo hannu rabbana yana neman aiki a shagon da yake nasa jiya, ya tarar kamfani ya naɗa manaja mace, Rebecca Howe, wadda Kirstie Alley ta fito a matsayinta. An sa wa ma'aikata rigar aiki iri ɗaya, an kawo dokoki, tsofaffin masu zama sun soma janyewa. Da Rebecca ta buɗe littafi ta ga abin da ake bin Norm sai ta ce kada a ƙara zuba masa ko ɗigo. Kamfani bai san gaisuwa ba, lissafi ya sani. Yadda aka sasanta shi ne Norm ya ɗauki buroshi ya yi mata fentin ofis a bakin bashinsa, daga nan ma ya gane ya iya fenti, ya mai da shi sana'a na wani lokaci. Wanda ya taɓa karɓar buhun gero ko ɗinkin sallah a madadin kuɗinsa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Shekara uku Sam ya yi yana yaron shago a gidansa, yana tara kuɗin da ba su taruwa. A 1990 ya gano wani attajiri da Rebecca ke so yana amfani da ita don ya saci asirin kamfanin, ya kai rahoto. Kamfani ya saka masa da mayar masa da mashayar a kan dalar Amurka ɗaya tak. Ko ita ba ta cika a aljihunsa ba, santi 85 ya iya haɗawa, aka karɓa. A canjin yau wajen sefa 500 ke nan, dala ɗari a ƙidayarmu ta kasuwa. Murna ba ta daɗe ba. Sabon mai gidan abincin da ke saman bene ya duba takardun gini ya ga ɗakin baya da makewayin mashayar cikin rabonsa suke, ya sa aka gina bango. Wannan darasi ne ga duk mai sayen wuri bai karanta takarda ba. A zangon ƙarshe kuma, a 1992, Rebecca ta yar da guntun taba mashayar ta kama da wuta. Zancen gobara ba sai mun yi wa ƴan Babbar Kasuwar Yamai bayani ba, wadda ta ƙone a 1982, shekarar da shirin nan ya soma.

Hajar da ta ƙi tafiya da farko

Shi kansa shirin ƙiris ya rage a kashe shi tun yana jariri. A Amurka manyan gidajen telebijin da kuɗin talla suke rayuwa, farashin talla kuma yana bin yawan masu kallo, akwai wani kamfani mai suna Nielsen da ke ƙidayarsu kowane mako. Shirin da bai tara jama'a ba, makonni kaɗan ake ba shi a sauke shi. A zangon farko Cheers na can kusan ƙarshen jeri. NBC a lokacin ita ce ta baya cikin manyan gidaje uku, bayan CBS da ABC, ba ta da wani abin kirki da za ta sa a gurbinsa. Shugabanninta, Grant Tinker da Brandon Tartikoff, sun kuma yarda hajar mai kyau ce, masu saye ne ba su gano ta ba tukuna. Suka bar ta a kan tebur.

A 1983 shirin ya ci lambar Emmy ta wasan barkwancin da ya fi kowane, mutane suka soma leƙowa lokacin da ake maimaita tsofaffin kashi. A 1984 NBC ta sa shirin Bill Cosby a farkon daren Alhamis, ya jawo jama'a kamar ranar kasuwa, duk wanda ke layin ya samu ciniki. Daga nan Cheers ta yi zango takwas a jere cikin shirye-shirye goma na sama, a zangon 1990 zuwa 1991 ita ce ta ɗaya a duk ƙasar. Jimillar lambobin Emmy da ta samu 28 ne. A zangon ƙarshe ana biyan Ted Danson dalar Amurka 450,000 kowane kashi (ba dalarmu ta sefa biyar ba), wato fiye da miliyan 200 na sefa a canjin yau, aikin mako guda.

Kuma ba rashin kasuwa ya rufe ta ba. A ƙarshen 1992 Danson ya ce ya gaji, zai tafi. Masu shirin sun taɓa maye gurbin Coach, sun maye gurbin Diane, amma suka ga shago ba ya tsayawa ba mai shi. Kashin ƙarshe mutum fiye da miliyan 80 suka kalle shi a dare guda, aka sayar da tallar daƙiƙa 30 a kan dala 650,000. Diane ta dawo, ita da Sam har sun shiga jirgin sama za su tafi tare, suka sake shawara, ya sauko ya koma mashayarsa. Bayan kowa ya watse wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, Sam ya ce masa an rufe. Kafin ya kashe fitila ya gyara zaman wani hoto da ke jikin bango, hoton Geronimo, jagoran ƙabilar Apache. Na marigayi Colasanto ne, daga ɗakinsa na sa kaya aka ɗauko shi aka rataya tun bayan rasuwarsa. Shi kuwa Frasier aka buɗe masa nasa shirin a shekarar, ya koma birnin Siyatil, ya yi wasu shekaru 11 har 2004.

Matar da ba a nuna fuskarta ba

Yanzu bari mu faɗi inda muke ganin shirin ya yi son kai. Norm na da mata, sunanta Vera. Cikin kashi 275 ba a taɓa nuna fuskarta sosai ba. Wani lokaci a ji muryarta, sau ɗaya kuma ta shigo amma an watsa mata abinci ya rufe fuskar. Ita ce abin ba'ar mijinta kullum, jama'a na dariya. Ba wanda ya tsaya ya tambaya wa ke biyan haya sa'ad da Norm ba ya aiki, ko da wa take hira duk daren da yake bisa kujerarsa. Matan da ke fita tun asuba da tiren kaya, su dawo su tarar maigida na fada ana zagayen shayi na uku, sun san amsar. Wurin zama na maza abu ne mai daɗi ga mai zama, amma sau da yawa akwai wadda ke ɗauke da nauyinsa a gida, kuma Cheers ta zaɓi ta bar ta bayan ƙofa.

Haka zancen giyar kanta. Mutumin da ke sha kamar Norm a rayuwar gaske hanta da aljihu ba za su kai shi shekara 11 yana raha ba. Abin da George Wendt ke kurɓa gaban kyamara ma ba giyar gaske ba ce, wata ce marar sa maye, ana barbaɗa mata gishiri don kumfa ya tsaya ƙarƙashin zafin fitilu. Mu ba su haƙƙinsu, ba su ɓoye abin da sha ya yi wa Sam ba, har sun nuna ya koma ruwa a 1984 bayan rabuwarsa da Diane. Daga 1988 kuma, da makarantar kiwon lafiya ta jami'ar Harvard ta roƙi masu shirye-shirye su riƙa cusa saƙon cewa in za a fita sha a ware mutum ɗaya da ba zai sha ba don ya tuƙa mota, Cheers na cikin waɗanda suka amsa. Sai dai daren da aka nuna kashin ƙarshe, ƴan wasan sun taru a Boston ana hira da su kai tsaye a shirin Jay Leno, da yawansu a buge, duniya na kallo. An kuma soki shirin da cewa Boston gari ne mai baƙaƙen fata da yawa, amma cikin manyan ƴan wasan babu ko ɗaya.

Mashayar gaske

Matakalar da ake nunawa a farkon kowane kashi ta gaske ce. Tana titin Beacon a Boston, gaban wani babban lambun gari, kuma tana sauka ne zuwa wata mashaya mai suna Bull & Finch da aka buɗe a 1969. Wurin ƴan unguwa ne, ma'aikata da ɗalibai da tsofaffi, kowa ya san kowa, har wata mujallar garin ta zaɓe ta mashayar unguwa mafi kyau a 1982. Da masu shirin suka nemi izinin ɗaukar hoton ƙofar, mai wurin, Tom Kershaw, dala ɗaya ya karɓa. Ko jikka guda ba ta kai ba a kuɗinmu. Da a kasuwarmu ne da an ce an cuce shi.

Ba a cuce shi ba. Da shirin ya karɓu sai baƙi suka soma sauka mota-mota daga kowace jiha, har daga ƙasashen waje, kowa na son ya ɗauki hoto a matakalar. Kershaw ya samu izinin sayar da riguna da kofuna da huluna masu sunan Cheers, abin da ya shigo ta nan ya kai miliyoyin daloli. Suna ya fi abin da ke cikin kwalba tsada. Amma ƴan unguwar da suka sa wurin ya yi suna tun farko suka rasa wurin zama, layi har waje, hayaniya, baƙon da zai zo sau ɗaya a rayuwarsa ya zauna bisa kujerar wanda ya shekara goma yana zuwa. Da yawansu suka canja wuri. Su kuma baƙin in sun shigo sai su ga cikin bai yi kama da na telebijin ba, ƙarami ne, matsattse. Don haka a 2001 Kershaw ya buɗe wata a kasuwar Faneuil Hall da ke tsakiyar gari, an gina ta daidai da ta cikin shirin, a 2002 kuma ya sauke sunan Bull & Finch ya sa wa tsohuwar Cheers.

Sunan ya jawo shari'a ma. Wani kamfani ya buɗe mashayu masu sunan Cheers a filayen jiragen sama, ya zaunar da mutum-mutumi biyu masu motsi da magana a bakin kanta, ɗaya ƙato, ɗaya da kayan gidan waya. Wendt da Ratzenberger suka kai ƙara a 1993, suka ce kamanninsu ake ciniki da su ba a tambaye su ba. Sai 2001 aka sasanta.

A 2009, lokacin da tattalin arziƙin Amurka ya shiga matsi, aka sallami mai zuba abin shan da ya shekara 35 a tsohuwar mashayar, wanda ya san ƴan unguwar tun kafin zuwan kyamara. A watan Agusta 2020 kuma reshen Faneuil Hall ya rufe. Annobar korona ta hana baƙi tafiya, kuɗin haya bai tsaya ba, wurin kuma ba shi da ƴan unguwar da za su riƙe shi har a ga bayan wahala. Ta titin Beacon ita ta tsallake wannan shekara.

Ita kuwa kantar katakon da aka yi wasan a kanta a Los Anjeles, wadda Norm ya jingina da ita shekara 11 bai biya ba, wani mai tara kayan tarihin telebijin ne ya adana ta. A watan Yuni 2023 aka yi gwanjonta a birnin Dalas na jihar Teksas, aka saye ta dala 675,000.